Tagar da Injiniya Ya Gabatar

Magariba ta kawo jiki, hasken ɗakin ajiya ya yi ja, Injiniya ko ɗago kai bai yi ba. Kwana tara ke nan da ya kwashe tarkacen ɗakin ya kafa teburinsa, don wurin aikinsu sun yarda ya riƙa aiki daga gida. Sai dai dole ya shiga babbar na'urarsu da ke wani gari mai nisa, ta wata baƙar taga da yake rubuta umarni a allon kwamfutarsa. Ita kuwa babbar na'ura ta kafe a kan ba ta san wannan taga ba. In ya danna maɓallin gogewa sai wasu alamomi marasa kan gado su fito, launi ya ɓace, layuka su hau kan juna kamar kaji a akurki.

Maganin abin, in ji shi, wani ɗan fayil ne da zai aika can, mai bayanin tagar: sunanta, launukan da ta iya, abin da kowane maɓalli yake nufi. Wai ɗan fayil! Shi ya cinye masa kowane yammaci. Autarsa, 'yar shekara takwas, takan zauna a bakin ƙofa da littafin makaranta a cinya, shi kuma yana ce mata saura kaɗan, ba tare da ya waiwayo ba.

A wannan yammacin ne dutsen farko ya faɗo kan rufi. Matarsa ta leƙa titi, ba kowa. Na biyu a tsakar ɗakin ya faɗi, ba kuma ta inda zai shigo. Washegari Injiniya ya tarar an goge sunan tagar daga fayil ɗin, ya ɗora wa gajiya laifin. A rana ta uku Auta ta daina magana. Da faɗuwar rana ta miƙe a bakin ƙofar, ta kafe allon da ido, tana nishi da muryar tsoho.

Matar ba ta tsaya jin bayanin injiniyanci ba, ta aika aka kira mai ruƙiyya, wani dattijo mai maganar sanyi. Ya zaunar da yarinyar a cinyar ubanta, ya daɗe yana karatu. Can sai jikinta ya sanƙare, malamin ya tambayi aljanin da ke jikinta me yake nema.

"Shekara sittin ina ɗakin nan," in ji muryar. "Ya shigo ko sallama bai yi mini ba. Amma wancan baƙin kwalin da ke allonsa, kullum yana gabatar da shi ga wani a bayan duniya: ga sunansa, ga launinsa, ga halinsa. Ni fa?"

Kishi ne tsagwaronsa, har muryar tana rawa. Malam ya tsawatar masa, ya ce ko an yi masa laifi ai ba yarinya ta yi ba, me ya kai shi jikinta?

"Tare muke zama a bakin ƙofar nan. Abin da ke ci na shi ke cin ta. Ban fasa komai ba, a buɗe na same ta."

Injiniya ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Kunya ta rufe shi, ya kasa haɗa ido da matarsa.

Aka shiga ciniki. Aljanin ya ce a fasa kwamfutar, malam ya ce ba a fasa abin da gida ke ci da shi. Aljanin ya ce to a bar masa ɗakinsa. Kafin malam ya buɗe baki Injiniya ya ce ya yarda, yanzu ma zai fitar da teburin, kuma daga yau da faɗuwar rana ya rufe aiki. Aljanin ya yi ɗan gunaguni, ya rantse ba zai sake taɓa ta ba. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Da ta buɗe ido ta ga kanta a cinyar ubanta, sai ta tsorata kamar wadda aka kama da laifi. Ta dubi allon da ke kunne ta bayan kafaɗarsa, ta fara zamewa ƙasa a hankali.

"Baba, koma ka ƙarasa," ta ce. "Ni na iya jira."

Ya ƙara riƙe ta.