Madubin Ɗakin Unguwar Boro

Tun daga bakin hanya Scholastica ta jiyo ƙarar guduma.

Ta sauko daga motar Unguwar Boro rungume da labule biyu da ta gama ɗinkawa da safe, tana sauri ta rataya su kafin hadari ya haɗu. Saura mako uku a ɗaura aurenta da Jethro. Da ta shiga tsakar gidan sai ta tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, farar ƙura tana fitowa.

Jethro ne tsaye a kan benci yana farfasa simintin da ya kewaye madubin bango. Kuɗin wurin da ta jera a jikin simintin suna zubowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kamar haƙoran tsohuwa.

"Jethro..."

Bai juyo ba.

"Jethro, me na yi maka?"

"Baba ya zo jiya," ya ce, muryarsa a dushe. "Ya gani."

Labulayen suka suɓuce daga hannunta.

Wata bakwai suka yi suna gyaran ɗakin nan, tun farkon shekarar 1986. Ciki da falo ne, Jethro ya gina a filin da mahaifinsa ya ba shi. Shi kafinta ne, ita kuwa tana aiki a wata masaƙa a Kakuri, inda ma'aikata kan samu ragowar ƙyallayen atamfa. Da su ta haɗa labule da rigunan kujera, kowane ƙyalle da kalarsa, amma in ka tsaya daga ƙofa sai ka rantse a haka aka saƙa su.

Hannun yarinyar nan abin mamaki ne. Farar ƙasa ta dama da bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya, ta shafe bango, ya fito kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Kwalaben lemo takan ɗaura musu zare mai kananzir, ta kunna, ta tsoma a ruwan sanyi, wuyan ya cire tas, ta zuba furanni a ciki. Ta huda ƙwarya da ƙusa mai zafi ta kifa a kan ƙwan lantarki, haske ya riƙa watsuwa a rufi kamar taurari. Fasassun tangaran da mutane ke zubarwa ta tsinto ta dasa a dokin ƙofa. Jethro ya ƙera mata kanta da akwatunan sabulu, yana aiki yana tsokanarta wai wata rana zai dawo ya tarar ta manna shi a bango shi ma.

"Da ka fi komai kyau a ɗakin," takan ce.

"Skola tawa, ke dai a bar ki."

Madubin ne kawai ya rage babu ado, har ranar da suka je Kakau gaishe da Kaka Naomi, mahaifiyar baban Jethro. Tsohuwar ta haura tamanin, idonta ɗaya ya mutu. Da Jethro ya fita duba gona, sai ta jawo Scholastica ƙuryar ɗaki, ta tono wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin tukunya. Kuɗin wuri ne, sun yi ja saboda daɗewa. Ta zana mata a ƙasa da yatsa yadda ake jera su: layi bakwai, na tsakiya a kife. Ta ce haka uwarta ta yi mata a ƙofar ɗakinta na amarci, kuma 'ya'ya tara ta haifa a ɗakin. Shekara talatin ke nan tana ɓoyonsu, tun ranar da ɗanta Shekari ya karɓi baftisma ya tara kayan tsafin mahaifinsa ya cinna musu wuta.

Sannan ta kama hannunta ta matse.

"Kada ki ce ni ce. In ikilisiya ta sa ni a horo na mutu a ciki, fasto ba zai binne ni ba. Ina so a yi mini waƙa, 'yata."

Scholastica ta yi mata alkawari. A ganinta ado ne kawai, ado mai kyau ma. Ta kwaɓa siminti ta jera su kewaye da madubin, layi bakwai, na tsakiya a kife. Da Jethro ya tambaya, ta ce tsintar su ta yi, yadda take tsintar komai.

Judith ce ta fara gani. 'Yar ƙungiyar mawaƙa ce a majami'ar su Jethro, kuma duk unguwa an san tun suna yara idonta yana kansa. Ta zo da sunan kallon ɗaki, ta yaba labule, ta yaba kanta, ta daɗe a gaban madubi ba fuskarta take kallo ba. Kwana biyu bayan haka magana ta isa kunnen Baba Shekari, wanda yanzu dattijon ikilisiya ne: wai 'yar masaƙar nan ta dasa wa ɗansa asiri a bango.

Baba ya zo, ya tsaya a gaban madubin. Ya san jerin nan. Shi ne a ƙofar bukkar tsafin mahaifinsa, bukkar da ya rushe da hannunsa.

Yanzu ga Jethro ya sauko daga benci, hannuwansa fari fat da ƙura. Ya gaya mata abin da Baba ya yanke. Ba wanda ke jera wuri haka sai an koya masa. In ta faɗi wanda ya koya mata, za a yi addu'a a tsarkake ɗakin, a ci gaba da shirin biki. In ta ƙi, ran Lahadi za a janye sanarwar auren.

"Suna ɗaya ne kawai, Skola. Faɗa mini."

"Ba zan iya ba."

"Wani boka ne a unguwarku Nasarawa? Ko ma wane ne, na yafe. Wallahi na yafe."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ashe kai ma ka yarda asiri na yi maka?"

Ya kawar da kai. Wannan ya fi mata ciwo a kan gudumar.

Ta durƙusa tana tsince kuɗin wurin daga ƙasa tana zubawa a gefen zaninta, hawaye suna ɗiga a kansu. Ya durƙusa kusa da ita, ya kira ta rabin ransa, ya tuna mata ranar da suka haɗu a gadar Kaduna ruwa ya jiƙa su, ya ce ba zai iya zama a ɗakin nan da wata ba. Ta ce ya ba ta kwana biyu.

Washegari da sassafe ta hau mota zuwa Kakau. A hanya ta shirya maganarta: za ta roƙi Kaka ta sake ta daga alkawarin. Ta tarar da tsohuwar kwance, zazzaɓi ya kayar da ita, matan zumuntar ikilisiya sun kewaye ta suna waƙa a hankali. Ana ta cewa ba za ta kai lokacin girbi ba. Da matan suka fita, tsohuwar ta lalubo hannunta.

"Shekari ya zo yana ta faɗa... Kin faɗa masa?"

"Ban faɗa ba, Kaka."

"Allah ya yi miki albarka. Saura kaɗan, 'yata. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Ta fasa maganar da ta shirya. Ta gyara wa tsohuwar mayafi, ta fito.

Ran Lahadi aka janye sanarwar.

Anti Edith, ƙanwar mahaifiyarta da take zaune a wurinta a Nasarawa, ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta ce za ta mayar da ita ƙauye. Scholastica ta ƙi faɗin sunan. Kullum tana ce wa ranta saura kaɗan. In Kaka ta cika aka binne ta da waƙa, za ta je ta faɗa wa Jethro komai, su sake shafa bangon.

Amma Kaka Naomi ta warke.

Ta tashi ta ci tuwo, ta koma tsinkar yakuwa a bayan ɗaki. Lokacin girbi ya wuce, wani ya zo ya wuce. Jethro ya yi shekara guda yana zuwa ƙofar masaƙa lokacin tashi, ya tsaya daga nesa, tambayarsa ɗaya ce a ido. A shekara ta biyu ya daina zuwa. Kirsimetin shekarar aka ɗaura aurensa da Judith, kuma a ɗakin nan aka kai ta.

Da aka rage ma'aikata a masaƙa har da Scholastica. Sai ta koma yi wa amare jere. Daga Nasarawa har Sabon Tasha, duk amaryar da ke son ɗakinta ya zama abin magana ita ake kira.

Sai a daminar 1989 Kaka ta rasu. An yi mata waƙa tun daga gida har kabari, fasto ya yi wa'azi a kan amincinta. Scholastica ta tsaya can bayan jama'a ta saurara har ƙarshe, sannan ta tafi ba ta gaisa da kowa ba.

Bayan kwana huɗu, tana kan tebur a ɗakin wata amarya tana buga ƙusar labule, aka ce ana sallama da ita. Jethro ne a zaure. Ya rame, furfura ta fara fito masa. Ya buɗe tafin hannunsa: wuri guda ɗaya a jikin tsohon zare. Ya ce mahaifiyarsa ce ta cire shi daga ƙugun Kaka wajen wankan gawa, ta ɓoye wa Baba, ta ba shi.

"Ita ce," ya ce. "Ko ba ita ba ce?"

"Ai an yi mata waƙa, ko?"

"An yi."

"To, shi ke nan."

Ya jingina da bango. Ya ce Judith ta shafe ɗakin da koren fenti sau uku, amma ramukan kuɗin wurin ba su ɓace ba, kullum da safe yana ganinsu, layi bakwai. Ƙwaryar fitilar ma yana nan da ita a shagonsa.

"Skola tawa... me ya sa ba ki ba ni ko alama ba?"

"Na ba ka, Jethro. Na ce maka ba zan iya ba. Ban ce maka na yi ba."



"'Yarka nawa ne watanninta yanzu?" ta tambaya.

"Takwas."

"Ka koma gida."

Ya miƙo mata wurin. Ta girgiza kai, ta naɗe masa yatsunsa a kai da hannunta, ta ɗan riƙe su fiye da yadda ya kamata, sannan ta saki.

Ta koma ciki ta hau tebur ta ƙarasa labulen. Ta jera kwanuka a kanta, ta kifa ƙwarya a kan fitila, ta gyara furanni a kwalba. Amaryar ta shigo da ƙawayenta suna ta shewa, sai ta hango madubi jingine a bayan ƙofa, har yanzu a cikin takardarsa.

"Anti Skola, kin manta madubi."

Scholastica ta sa gudumarta a jaka, ta ɗaura ɗankwalinta.

"Ban manta ba," ta ce. "Wannan ki kira wani ya sa miki."