Agogon Aro a Hannun Malam Badaru

Gudu yake a bakin hanyar Kusada da sanyin safiya, idonsa na kan agogon hannunsa, saura kaɗan ya bangaje ta.

"Malam, wa ya koro ka?" in ji Fiddausi tana gyara mayafi.

Abdullatif, malamin motsa jiki a Kankiya, ya tsaya yana haki. Ya nuna mata agogon: bugun zuciya yake aunawa, ya haɗa da nauyi da shekaru, ya kiyasta kalorin da mutum ya ƙona, wato abincin da jiki ya cinye wajen aiki.

"To mi ya sa bugun ke hawa, alhali kana tsaye?"

Ya yi murmushi, ya rufe agogon da tafin hannu. Daga ranar aka fara soyayya.

Mahaifinta, Malam Badaru na Dudunni, ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga mai gudu ba a kore shi ba. Kamalu mai shagon taki yake so ta aura, wanda kullum ke ce masa, "Baba, ai kai yaro ne."

Sai likita ya ce Malam na da ciwon suga, dole ya riƙa tafiyar ƙasa. Fiddausi ta aro agogon ta ɗaura masa. Ya je gona ya dawo, lissafi ya yi sama. Malam ya zaga majalisa yana nuna wa tsaransa, ya ƙara fura da suga tunda ai ya ƙone ta.

Fiddausi ta tura wa Abdullatif saƙo: "Hasken idona, Baba ya sauko! Ya ce agogonka ya san maza."

"Fiddo, na manta ban canza ba. Shekaruna da nauyina ne a ciki, lissafin ya wuce abin da Baba ya ƙona. Gobe zan faɗa masa."

"Don Allah ka bari sai an sa rana."

"Ciwonsa ba zai jira sa rana ba."

Abdullatif ya je ya durƙusa ya faɗa wa Malam gaskiya. Malam ya kwance agogon ya aje, ya shige gida. Fiddausi ta sha kuka, amma a ranta alfahari take da shi.

Bayan kwanaki Malam ya aika aka kira shi.

"Sa mani shekaruna na gaskiya." Ya miƙo hannu. "Kowa ya bar ni ina shan furata. Kai kaɗai ka ji tsoron in mutu. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam ya ƙi hawa mashin, da ƙafa ya taka har masallaci, yana ɗaga hannun riga yana nuna agogon ga duk wanda ya gaishe shi.

"Wanga lissafin kaɗan ne, amma nawa ne. Surukina ya saita."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya ja kwanan Malam ya goyi jikoki.