Faifan da Hansai Ta Nuna

A wani gari an yi wata yarinya mai ɗauke-ɗauke, sunanta Hansai, har aka kai ta gidan horon yara. Kakarta ta ce ranar da ta daina ɗaukar abin da ba nata ba, ranar za ta mai da ita gida.

A gidan ana koya musu saƙar faifai mai ado. Hansai ta saƙa nata, ya fito a karkace. Shugabar gidan ta dube shi ta yi tsaki. "Wannan za mu nuna wa baƙi?" Ta sayo masu kyau a kasuwa ta rarraba musu. "Kowa ta ce, ni na saƙa."

Ranar ziyara Hansai ta cusa karkataccen ƙarƙashin tabarma. Baƙi suka yaba na kasuwan da ta nuna, ta ce, "Ni na saƙa." Kaka ta zo, nan ma ta ce, "Ni na saƙa."

Tsohuwa ta juya faifan, sai ta ga ƙullinta. Ashe cikin waɗanda ita kanta ta saƙa ta kai kasuwa ne.

"Sannu gwana! Da zannuwana kike ɗauka, yanzu har aikin hannuna? Lallai an koya miki sana'a."

Ta gyara mayafinta ta fita ita kaɗai.