Wutar Da Ta Fito Daga Gida

A dare na tara da ɗaukewar wuta, tsohuwar da ke zaune a ƙarshen layi ta sake jin ƙarar nan. Ba kuka ba ce, ba kuma kiɗa ba. Wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu an binne. In ta kasa kunne sai ya ɓace, in ta kwanta sai ta ji shi a cikin haƙoranta ukun da suka rage.

Gari na fara wayewa, gurnanin ya yi tari sau biyu. Sai ihu guda ɗaya daga bakin titi.

A kan keke aka kawo wa Sufeto rahoton, domin wayoyin caji ofis duk sun mutu. Kwana tara ke nan babu wuta a ƙasar baki ɗaya. Famfo ya ƙafe, gidajen mai sun rufe, mutane na yawo da matattun wayoyi a hannu suna duba su lokaci-lokaci kamar masu jinya. Shi kansa Sufeto rabonsa da barcin kirki tun ranar da fankar ɗakinsa ta tsaya. Kakinsa duk ya yamutse, idanunsa sun kaɗa.

Gawar na kwance a gindin falwayar wutar lantarki, an rufa ta da buhu. Ma'aikacin kamfanin wuta ne, wanda kowa ke kira Dogo. Tsaninsa na jingine a inda ya bar shi. Sufeto ya ɗaga buhun, ya ga tafin hannun dama ya ƙone baƙi ƙirin.

"Wuta ce ta kashe shi, ranka ya daɗe," in ji Saje, mataimakinsa.

"Wace wutar?"

Saje ya ɗaga kai ya dubi tsinkakkiyar wayar da ke lilo a sama.

Abin da ya hana Sufeto tsayawa wuri ɗaya ke nan. Ya zagaya falwayar, ya sake zagayawa. Wuta ta kashe mutum a garin da ko ta kunna ƙwan fitila babu.

Kafin ya iso, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Sun kama abokin aikin Dogo, wanda makullin akwatin taransfoma ke hannunsa, suka ce shi ya saki wuta alhali ɗan'uwansa na sama. Da ƙyar kurata suka ƙwace shi, leɓensa a fashe. Shugaban caji ofis kuma ya aiko cewa kafin ƙarfe huɗu yana son fayil a teburinsa, gobe a kai Mai Makulli kotu, ko hankalin gari ya kwanta.

Sufeto ya same shi a bayan kanta, ya haɗa kai da gwiwa.

"Me ya kai ku aiki alhali babu wuta?"

"An ce mu gyara duk abin da ya lalace kafin a dawo da ita, yallaɓai. Wata babbar mota ce ta tsinke wayar layin tun ranar farko."

"Ka taɓa akwatin?"

"Ko na taɓa me zan saki? Iska? Shekara goma sha huɗu ina riƙe masa tsani. 'Ya'yansa Baffa suke ce mini."

"Kun gwada wayar kafin ya kama?"

"A gabana ya gwada. Babu komai."

"Wacce ya gwada?"

"Ta sama mana, wadda ta taho daga tashar wuta."

"Ɗaya ɓarin fa? Wanda ya tafi gidaje?"

Mai Makulli ya ɗago ya dube shi kamar ya yi tambayar yara. "Haba yallaɓai, wa ke gwada wannan? Wuta shiga gida take yi, ba ta fitowa."

Sufeto bai ko ɗauki hularsa ba ya koma layin. Ya sa Saje ya riƙe tsani, ya hau da kansa. Ɓarin da ya taho daga tasha fes yake. Wanda ke lilo ta wajen gidaje kuwa bakinsa ya narke, ya dunƙule kamar ɗigon dalma.

Ya bi wayar da ido. Gida uku take ciyarwa: na Mai Walda, na tsohuwa, da na wani mai gyaran agogo.

Mai Walda ƙato ne mai yawan gumi. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

"Janareta? Ni? Na sayar tuntuni, wallahi."

"To mene ne wancan a ƙarƙashin tamfol?"

"Tarkace ne."

Saje ya yaye tamfol ɗin. Ga janareta nan kamar ɗan maraƙi.

"Tarkacen naka da kyau yake," in ji Saje.

"Ranka ya daɗe, tsoro ne. Kun ga yadda suka yi da wancan bawan Allah. In suka ji ina da inji ai sai dai a kwashe ni a buhu."

Sufeto ya durƙusa ya leƙa bakin bututun hayaƙin injin. Gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, har da ƙuda biyu da suka bushe. Ya daɗe yana kallon saƙar, yadda aka ja kowane zare daidai ba tare da fitila ba. Sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Maƙaryaci ne, amma ba shi ba ne. Mu je."

Tsohuwa na zaune a ƙofar ɗakinta tana goge wata mage da tsumma.

"Sannu Iya. An ce kina jin wata ƙara da dare."

"Sai yanzu? Kwana nawa ina faɗa, jikokina na cewa tsufa ne ya shiga mini kunne."

"Daga ina take fitowa?"

"Daga ƙasa, ɗana. Ni dai na ce ko mutanen ɓoye ne su ma zafi ya dame su."

"Kina da janareta?"

Ta yi dariya har haƙoran uku suka bayyana. "Ni da ko tocila sai an ara mini? Kai dai taya ni duba wannan 'yar banza. Fara sol na haife ta, wato na raine ta. Yanzu kullum da safe sai ta dawo mini kamar mai sayar da gawayi."

Sufeto ya shafa bayan magen, ya dubi yatsunsa, ya sansana. Baƙin hayaƙi ne, da warin fetur.

"Ina take kwana?"

Tsohuwa ta nuna wata kafa a gindin katangar da ta raba ta da gidan Mai Agogo.

Mai Agogo siririn dattijo ne, da gilashi a ɗaure da zare. Shagonsa a zauren gidan yake. Agoguna sun cika bango, kowanne na tafiyarsa, domin duk da hannu ake wana su, ba ruwansu da wuta. A garin nan kaf, nan ne kawai Sufeto ya ga abin da bai tsaya ba. Uku saura kwata, in ji mafi yawansu.

"Baba, ka ji ihu da sassafe?"

"Ban ji ba. Barcina nauyi gare shi."

"Kana da janareta?"

"Da dai. Ya lalace tun bara, kowa a layin nan ya sani."

"Su wa ke gidan?"

"Ni da mai ɗakina. Ba ta da lafiya, ba a damun ta."

Sufeto ya wuce tsakar gida ba tare da neman izini ba. A gindin katanga akwai wani ramin ajiye ruwa da aka daina amfani da shi, an rufe da ƙyauren katako, an ɗora tsohuwar katifa. Gefen katifar ya yi baƙi, ga sawun mage a kai. Ya ɗora tafinsa a kan siminti. Da sauran ɗumi.

Saje ya ɗaga ƙyauren. Wani ɗan ƙaramin janareta ne a ciki, an kewaye shi da tsummoki. Wata baƙar waya ta fito daga jikinsa ta bi ta taga. Sufeto ya bi ta har falo. A ƙarshenta akwai kan fulogi, a soke a cikin soket ɗin bango.

"Wa ya haɗa maka wannan?"

"Ni na haɗa." Muryar dattijon ta sauka. "Da na soka a bango sai duk ɗakunan su samu."

"Babban makunnin gidan fa? Kana kashe shi kafin ka tayar?"

"Don me? Ai wayar titi a tsinke take. Na ɗauka in ta kai ƙarshe tsayawa za ta yi, kamar ruwa a toshasshen bututu."

"Ta tsaya ɗin," in ji Sufeto. "Kwana tara tana jira a bakin waya."

Daga cikin ɗaki aka yi tari, mai tsawo, mai ja. Mai Agogo ya yi wuf ya shiga, Sufeto na biye. Wata tsohuwa ce a kan gado, ta rame kamar a hure ta, da siririn tiyo a hancinta. Tiyon ya tafi ga wata farar na'ura mai kama da ƙaramin firji, wadda ke tace mata iskar shaƙa. A kashe take.

"Malam, waye?" in ji ta.

"Masu agogo ne. Kwanta abinki."

Ya ja Sufeto waje, ya jingina da bango. Bai jira tambaya ba.

"Da rana tana iya lallaɓawa. Da dare in babu na'urar nan, ƙirjinta rufewa yake yi. Wancan karon da aka ɗauke wuta, mutane suka ji ina da inji, suka cika mini gida da wayoyi, wannan ya roƙa, wancan ya yi fushi, har injin ya ƙone. A daren ranar saura kaɗan in rasa ta. Da na gyara shi sai na ce ya mutu, na binne shi a rami."

"Yau da safe fa?"

"Na ji injin ya shaƙe. Na ji ihun." Ya cire gilashinsa. "Nan take na gane. Na ruga na kai hannu kan makashin injin. Sai na ji ta tana ja da ƙyar, lokacin ne ya fi mata tsanani. Na tsaya. Ban kashe ba, yallaɓai. Sai da ta samu kanta."

"Minti nawa?"

"Shida." Ya dubi zauren. "Ba na kuskuren lokaci."

"Kana kallo aka fasa wa wani baki a kan laifinka."

"Ta kafar ƙyaure na gani. Na ce in na fita, wa zai zauna da ita? Ba mu da kowa. Ɗa ɗaya muka samu, bai yi rai ba."

Saje ya kawar da kai. Sufeto ya fiddo littafinsa, ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa. Dogo ya bar 'ya'ya biyar, Mai Makulli na bayan kanta, ƙarfe huɗu ta kusa.

"Saje, aika kurtu ya ce a saki Mai Makulli. Baba, sai mu tafi."

"Bari in gaya mata zan kai agogo."

Ya shiga, ya gyara mata matashi, ya fito da hularsa a kai. Sufeto bai sa masa ankwa ba. Kurata biyu suka ciro janaretan daga rami, domin shi ne shaidar da za a ajiye gaban alƙali, suka naɗe wayar a kansa.

A waje layin ya cika. Waɗanda suka daki Mai Makulli da safe suna nan a gaba, amma babu wanda ya ɗaga murya. Rana ta fara karkata, inuwar falwayar ta miƙe har bakin zauren.

Tsohuwar maƙwabciya ta ratso mutane, magenta a hammata. Ta dubi dattijon, ta dubi injin da ake ɗorawa a bayan mota, sannan ta kama hannun rigar Sufeto.

"Ɗana, shi kun tafi da shi, injin ma kun tafi da shi. To in dare ya yi, ita da me za ta yi numfashi?"