Sumar Mai Gyaran Agogo

Sufeto bai kai ga kurɓar shayinsa ba Saje ya leƙo ya ce akwai gawa, akwai kuma mai ƙara.

Mai ƙarar ƙanin mamacin ne, irin dangin nan da ba a ganin ƙeyarsu ranar jinya sai ranar kuka. Ya ce yayansa, Mai Agogo, ya cika da safen nan bayan doguwar jinyar ciwon daji, kuma 'yar cikinsa ce ta kashe shi.

"Malamar makaranta ce, ranka ya daɗe, gani take ta fi kowa sani. Mun ce a yi na gargajiya, ta kafe sai na asibiti. Ninka masa ƙwaya ta yi don ta huta da wahala."

Aka kawo Malama aka ajiye bayan kanta. Kafin a tashi aiki, ko a sake ta, ko a rubuta mata tuhumar kisan ubanta.

Ɗakin mamacin shi ne shagonsa. Agoguna sun fi arba'in a bango, kowanne na bugawa, babu biyun da suka yarda da juna kan lokaci. Mamacin yana nan kan kujerarsa, ido a ɗan buɗe, kai cike da baƙar suma an taje ta tsaf, sai ka ce ɗaukar hoto za shi.

Sufeto ya duba tebur. Marigayin mutum ne mai tsari: kowane ƙarfen aiki da gurbinsa a kan ƙyalle. Gurbi biyu babu kowa, na hantsaki da na gilashin nan da ake maƙalawa a ido. Sufeto ya ɗauki kwalbar kafson da mamacin ke sha ya sa aljihu.

"Kada ka taɓa masa kai, yanzu na gyara."

Sufeto ya waiwaya. Ashe akwai tsohuwa a lungu, ta yi shiru kamar ƙullin kaya. Yayar mamacin ce, kowa Gwaggo yake ce mata.

"Iya, wa ke ba shi magani?"

"Ni me na sani, ɗan nan? Ido ya mutu. Ruwa kawai nake miƙawa, shi ma da lalube."

Daga nan sai asibiti. Likita na jin an ambaci suma ya ajiye biro.

"Suma? Rabona da shi wata uku, a lokacin kansa kamar ƙwai. Mai shan wannan magani ba ya fid da gashi haka, balle wanda aka ninka wa."

Ya buɗe kafso ɗaya a kan farar takarda. Maimakon farin gari, sai wani abu ruwan ƙasa ya zubo, mai warin ɗanyen itace. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, duk kanwar ja ce.

"Da ya sha na gaskiyar, da ya warke?" in ji Sufeto.

"Ba zan rantse ba, rai ba a hannuna yake ba. Amma ƙarin ya ragu da rabi. Yana da sauran hanya a gabansa, mai nisa ma."

Sufeto ya koma ofis ya sa aka fito da Malama. Idanunta sun kumbura, ga alli har yanzu a gefen mayafinta.

"Wa ke ba shi ƙwayar nan?"

"Ni, da hannuna."

"Ƙarfe nawa yake sha?"

"Takwas na safe, biyar na yamma."

"Ƙarfe nawa kike shiga aji?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce ita dai karɓowa take yi. Tana fita bakwai, sai dusu-dusu take dawowa, Gwaggo ce ke tare da shi. Kunya ce ta hana ta faɗa, kada a ce ta bar uba ta bi aiki.

"Da kika ga gashi ya dawo fa?"

"Murna na yi, Yallaɓai. Aman ya tsaya, yana cin abinci, har tsokanata yake yi. Ya ce ya gaji da layin asibiti, ni kuwa na ƙyale shi. Na zaci sauƙi ne."

Sufeto da Saje suka tafi da garin bakin kasuwa, wajen wani mai maganin gargajiya da allonsa ya lissafa cuta talatin da uku, har da wadda ba a ƙirƙiro ba tukuna. Ya rantse bai san gidan ba, bai san garin maganin ba, da ƙyar ma ya san kansa.

Sufeto ya jawo wata kwalba daga kan kanta, ya zuba a gefen na takarda. Launi ɗaya, wari ɗaya. Da mutumin ya sunkuya dubawa, sai katin asibiti ya faɗo daga aljihunsa.

"A'a, har da kai?" in ji Saje.

"Hawan jini ne," in ji mai magani, yana sosa ƙeya. "Shi ba a wasa da shi."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Wata tsohuwa ce ke zuwa duk mako, ta ce a daka mata lukui, ya fi na kowa laushi.

"Makauniya?"

"Wace makauniya? Matar da ke tsince tsakuwa a cikin gari tana nuna mini? Idonta ya fi na shaho."

Ƙarfe huɗu da rabi suka koma gidan, Sufeto da Saje da Malama. An riga an ɗauke gawar. Suka tarar da Gwaggo a ɗakinta, ta shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, gilashin ƙaninta maƙale a idonta na dama. Idon ya yi ƙato ta cikin gilashin, yana kallonsu ba ya ƙiftawa. Da hantsaki take riƙe da rabin kafso tana ɗura masa gari, hannun ko rawa ba ya yi.

"Iya, wa kike haɗa wa?"

"Biyar ta kusa," ta ce. Sai ta tsaya, ta dubi abin da ke hannunta, ta ajiye a hankali. "Au. Hannu ne ya saba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na same shi a banɗaki yana amai har da kuka. Ni na goya yaron nan, ɗan nan. Shekara sittin ban taɓa ganin hawayensa ba sai da aka kawo ƙwayar nan gidan." Ta juya wajen Malama. "Ke kin ba shi amai, ni na ba shi wata uku yana ci yana dariya. A auna a gani."

"Akwai maganin aman, Gwaggo," in ji Malama, muryarta can ƙasa. "Da kin faɗa, da an ba shi."

"Da na faɗa, da kin yi mini Turanci."

"Shi fa? Kin tambaye shi?" in ji Malama.

Gwaggo ta girgiza kai.

"Ban tambaye shi ba. Shi so yake ya rayu, da ya hana ni." Ta cire gilashin, idon ya koma ɗan ƙarami, jajir. "Kullum in ya haɗiye sai ya ce, Allah ya yi wa likitan nan albarka. Ni kuma in ce amin."

Saje ya kau da kai. Sufeto ya tambayi inda ta zubar da na asibitin.

"In zubar kaji su ci?"

Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo gwangwanin madara. Sufeto ya ɓalle murfin. Farin gari ne, na wata uku cur, bai ko kai rabin gwangwanin ba. Malama ta roƙa a ba ta ta riƙe. Ya san ba daidai ba ne a taɓa shaida, amma ya miƙa mata.

"Babu tuhuma a kanki, Malama. Kina iya zama a gida."

Ba ta ji shi ba. Ta tallabe gwangwanin da hannu biyu tana kallon cikinsa.

Saje ya gwada ankwa, ta zame daga siraran hannuwan tsohuwar, sai ya mayar aljihu ya riƙe ta a kafaɗa. Ta nemi takalmanta, ta gyara ɗankwali, ta bi shi ba gardama. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Ki rufe shi da kyau, 'yar nan," ta ce. "Guba ce."