Muryar Inna Da Aka Share

Muryar Inna Tsahara ba ta cikin wayar Haruna kuma. Saƙon murya arba'in da bakwai ne ta turo masa daga Tajaye kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma matarsa Wasila ce ta share su da yatsanta, wata Alhamis da hantsi, wake yana ƙonewa a kan murhu.

Haruna, autan Inna, direba ne, yana jan mota tsakanin Konni da Dogarawa. Sau biyu gilashin babbar wayarsa yana fashewa a hanya, sai ya riƙa barinta gida yana fita da 'yar ƙarama mai maɓallai. Nan Wasila ta samu abin yi. Gurup shida take ciki na masu turo labarai, kowane labari kashi-kashi, ga bidiyo, ga hotunan amare. Tana daka tana karatu, tana wanki tana karatu. In ya dawo ya yi sallama, sau da yawa sai ya maimaita kafin ta ɗago kai.

Ranar nan wayar ta ce ta cika, kashi na talatin ya ƙi sauka, ga labari ya kai inda ake jira. Ta yi tambaya a gurup, wata ta ce, "Ki duba hirar da ta hi nauyi ki share, shi ke nan." Ta duba, ta ga wadda aka rubuta "Tajaye". Haruna bai sa sunan mahaifiyarsa a waya ba don kunya, sunan garin ya sa. Ita kuwa ta ɗauka gurup ne na 'yan garinsu masu turo hotunan biki. Ba ta tsaya ta buɗe ba. Ta danna, labarinta ya sauka.

Washegari Juma'a, yayar Haruna, Hawa'u, ta iso daga Malbaza. Wata huɗu ke nan da rasuwar, ta zo ne takanas don ta ji saƙon Inna na ƙarshe, domin wayar Inna ta faɗa rijiya tun kafin ta kwanta ciwo, babu inda muryar ta rage sai nan. Haruna ya dawo daga masallaci, ya zauna, ya karɓi wayar kamar yadda ya saba kowace Juma'a don ya saurari Inna. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya sake dubawa.

"Wasila, ina Tajaye?"

"Wane Tajaye? Au, gurup ɗin nan? Na share shi jiya, shi ya cika memwar, wayar ba wuri."

Wayar ta zame daga hannun Haruna ta faɗi a kan tabarma.

"Mi ta ce?" in ji Hawa'u. "Haruna, mi yarinyar ga ta ce?"

"Inna ce, Yaya. Inna ce ta share."

Sai a lokacin Wasila ta gane abin da ta yi. Ta durƙusa. "Wallahi ban sani ba! Na rantse da Allah na ɗauka..."

"Rufe mini baki!" Hawa'u ta miƙe, mayafinta ya faɗi. "Kin ɗauka! Sau biyu muka binne uwarmu, na biyun ke kika haƙa ramin! Don mi? Don ki karanta ƙaryar wata da ba ki taɓa gani ba? Tun ranar da aka kawo ki na ce wagga ba mata ba ce, allon waya ce aka ɗaura wa zane!"

"Yaya, ki yi haƙuri..."

"Kar ki ƙara ce mini Yaya. Haruna, in kai ɗan Inna ne, ka ba ta takardarta yau."

Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wasila ta juya wajen mijinta, tana jiran ya tare mata kamar yadda ya saba tun suna saurayi da budurwa, lokacin da yake tsayar da mota a Illela, garinsu Wasila, don kawai ya gaishe ta. Bai dube ta ba.

"Ki tahi gida," ya ce.

"Ka sake ni ke nan?"

"Na ce ki tahi gida. In na dube ki yanzu zan faɗi abin da ba ya gyaruwa."

A Illela ma ba ta samu sanyi ba. Mahaifinta Malam Rabo ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Da ni ne, da takarda za ki zo. Shiga ciki." Kwana goma babu waya a hannunta. Yatsanta ya riƙa motsi shi kaɗai a kan cinyarta kamar yana jan allo, ita da kanta abin ya ba ta tsoro. Hawa'u kuwa ba ta huta ba, ta aika wa dangi kaf har na Abijan, kowa ya ji. Wata ƙanwar baban su Haruna ta aiko a gaya wa Wasila cewa ko sadakar Inna aka yi kar ta sa ƙafa.

Ranar kasuwar Illela aka aike ta sayen daddawa. Tana tsaye sai ta ji dattijuwar da ke sayarwa ta manna waya a kunne tana dariya, tana amsa wa wani saƙon murya. Zahara'u ce, aminiyar Inna tun ƙuruciya. Wasila ta gaishe ta, ita ko ta amsa a daƙile.

"Ke ce mai sharewa?"

"Ni ce, Baba. Don Allah in tambaye ki. Inna tana turo miki saƙo?"

"Tsahara? Ai ba ta barin kunnena ya huta. Suna nan, ni ban iya share komi ba, ban yi lakwal ba, ban san boko ba, balle in iya ɓarna."

Wasila ta shanye maganar. Abin da ta gane ya fi mata zafin gorin: ba Haruna kaɗai Inna ta yi wa magana ba. Ta sayi katin memwar, ta kai Zahara'u rumfar mai cajin waya ya kwafe mata saƙo biyar. Daga nan ta shiga yawo. Ta je Tajaye, maƙwabciyar Inna ta bar ta tsaye a rana kafin ta ba ta biyu. Ta je Dogarawa wajen Mumuni, ƙanen Inna, ya kore ta ranar farko, ta koma ranar ta biyu, ta koma ta uku, sannan ya miƙo wayarsa ba tare da ya dube ta ba. Cikin sati uku ta tara goma sha ɗaya.

Sai dai akwai ɗaya cikin na Zahara'u. Da Wasila ta fara jinsa ta kashe tun bai kai rabi ba, ta zauna ta yi kuka. Zahara'u ta ce, "Wanga ki cire shi, 'yar nan. In Hawa'u ta ji, aurenki ya ƙare."

"Na share mata magana sau ɗaya, Baba. Ba ni ƙarawa."

Malam Rabo ya raka ta Malbaza, gidan Hawa'u, aka kira Haruna. Ya rame. Hawa'u ko ruwa ba ta ba Wasila ba.

"In sulhu kuka zo nema, Malam, ka yi haƙuri. Mun gama da ita."

Wasila ta ajiye katin a gefen tabarma. "Ba wanda na share ba ne. Wancan ya tahi, ba ni iya maido shi. Wanga na wajen mutane ne."

Haruna ya sa katin a wayarsa. Muryar Inna ta fito, da 'yar shaƙewar nan tata, tana yi wa Mumuni faɗa a kan akuyarsa da ta ci mata gero. Haruna ya rufe fuska da hula. Hawa'u ta zauna daɓas. Suka ji tana tambayar kuɗin albasa, suka ji tana dariya har da tari. Sai na ƙarshe ya shigo.

"Zahara'u, na dawo daga Konni. Matar Auta kam sai addu'a. Kwana ukku na yi, ban ga ƙwayar idonta ba, kullum yana cikin waya. Hura ta dama mini babu nono, ta manta! Raina ya ɓaci ƙwarai."

"Kun ji ko!" Hawa'u ta daka tsawa. "Kun ji da bakin Inna!"

Amma muryar ba ta ƙare ba. Wasila ma ba ta taɓa jin sauran ba.

"Sai dai da ƙafata ta kumbura, ita ta gasa mini har ta sace, kuma yaron yana sonta. Ƙuruciya ce, za ta bari. Ke dai kar ki gaya wa ta Malbaza, kin san bakinta, sai ta kashe musu aure."

Inna ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba, "ta Malbaza" take cewa. Kowa a wurin ya san da wa take. Hawaye suka zubo wa Hawa'u.

"Kin san abin da ke ciki kika kawo?" Haruna ya tambaya. Karo na farko ke nan da ya dubi matarsa.

"Farkon na ji. Na ɗauka duka haka yake."

Hawa'u ta share fuska da bakin zane, ta tashi ta ɗebo ruwa a kwano, ta dangwarar a gaban Wasila har ya fantsama. "Sha. Ba don ke ba, don mai maganar. Amma ban manta ba."

Wasila ta koma ɗakinta. Ta fita daga gurup biyar, ta bar ɗaya, shi ma sai ta sauke tukunya take buɗewa. In Haruna ya yi sallama, kife wayar take yi kafin ta amsa. Hawa'u har yau gaisuwarsu gajera ce. Saƙon Inna na ƙarshe kuwa, wanda ta yi wa Auta addu'ar hanya a cikinsa, ya tafi ke nan, babu wanda zai sake jinsa.

Waya ba ta san abin da ke da daraja ba, nauyi kawai take nunawa. Mai riƙe da ita shi ya kamata ya tsaya ya buɗe kafin ya danna, ya kuma ɗaga kai ya dubi wanda ke zaune gabansa tun yana nan.

Ku taya mu roƙo: Allah ya jiƙan Inna Tsahara, ya haskaka kabarinta, ya sanyaya zuciyar 'ya'yanta, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Amin.