Sunan da Malam Sunusi Bai Daina Kira Ba

Da hantsi aka fito da Malam Sunusi daga ajinsa na elementare a Tudun Wada, mutanen gari na biye da shi suna tofa masa yawu. Wayyo bawan Allah! Maraya ne, kakarsa Inna Luba ce ta raine shi da sana'ar daddawa har ya zama malami, kuma duk yankin babu mai kaffa-kaffa da 'ya'yan mutane kamarsa. Da damina shi ke tsallakar da yaran ƙetare rafi in an tashi makaranta, kowa riƙe da rigar na gabansa. In an haye sai ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, "Ga ni, Malam!" Jiya ya kira Idi, ya amsa, har ya ga ya kama hanyar gida. Yau ga rigar yaron an tsinta maƙale da saiwa a bakin ruwa, Idi kuwa ko sama ko ƙasa.

Yalwa, mahaifiyar Idi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shi kaɗai, ta zube a gabansa tana birgima. "Malam, amana na ba ka! Ina ɗana? Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Wallahi Iya, na tsallakar da shi... ya amsa mini..."

"Ƙarya kake!" in ji Ɗanasabe, baffan yaron. "Da idona na ga ruwa ya ja shi, kai kana can kana hira!" Yara suka ce ba haka aka yi ba, amma wa zai bar rantsuwar dattijo ya saurari yara?

Aka sallame shi daga aiki. Aka daina amsa gaisuwarsa. Daddawar Inna Luba ta yi kwantai, don an ce jikanta ya ci amanar maraya ɗan'uwansa. Baƙin ciki ya kwantar da tsohuwa, kafin lokacin kaka ya yi ta riƙe hannunsa ta ce, "Sunusi, ni na san abin da na raina. Ka yi haƙuri, Allah na gani..." Ba ta ƙara magana ba. Kai jama'a, har masu ɗaukar makara sai da ya roƙa!

Daga nan ya koma saran itace a gefen dajin Falgore, ya rame, ya yi baƙi, hannun da ya saba da alli duk ya faffashe. Abu ɗaya ya kasa bari. Duk rafin da ya haye, sai ya ajiye daminsa ya juya, ya kira sunayen yaransa kamar suna bayansa, yana hawaye. Masu wucewa suka ce ai ya taɓu.

Wata ranar bazara ya haye wani busasshen rafi, ya tsaya ya soma kira. "Sale!... Rabi!... Mamman!..." Sannan ya kira na ƙarshe. "Idi!"

"Ga ni, Malam!"

Gatarin ya suɓuce daga kafaɗarsa. Daga cikin shanu wani yaro ya fito a guje, duk ƙashin wuya, ƙafafu sun tsattsage, ya faɗa jikinsa yana kuka. "Malam, Baffa ne ya tare ni a hanya ya tuɓe mini riga. Ya kawo ni ruga in yi masa kiwo, ya ce boko ɓata yaro ne, kuma dagaci ba zai cire ni daga makaranta ba sai in na mutu. Ya ce in na gudu sai ya yanka Iya!"

"Alhamdu lillahi... Alhamdu lillahi!" Abin da Malam ya iya faɗa ke nan. Ya goya shi har gari.

Da Yalwa ta ga ɗanta sai ta suma. Da ta farfaɗo ta rarrafo ta kama ƙafar Malam. "Ka yafe mini, ɗan nan! Bakina ya cuce ka!" Ya ce, "Tashi Iya, ni da ke duk an cuce mu." Alƙali ya ɗaure Ɗanasabe, aka wuce da shi ta tsakiyar kasuwa, masu tofa wa Malam yawu jiya su ne ke yi masa ihu yau. Aka mai da Malam Sunusi ajinsa, dagaci da kansa ya rako shi, har masu ɓoye 'ya'yansu a rumbu don gudun boko suka fito da su suka danƙa masa.

Ranar ya kira suna, babu wanda bai amsa ba. Da aka tashi ya nufi gida da sauri, farin ciki ya mantar da shi komai, ya ɗaga asabarin ɗaki ya ce, "Inna! Inna, an wanke ni!"

Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa, hawaye na bin kumatunsa.